Noman Bitrut a Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai masu 'yan lambuna a tsakar gida su fara tambaya a kan bitrut. Wasu sun gan shi a kasuwar Yankaba ta Kano ko ta Farin Gada a Jos sun ji tsadarsa, wasu kuma an ce musu yana ƙara jini. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya, tun daga na mai shirin farawa har zuwa na wanda ya shuka ya ga abin bai yi ba. Amsoshin sun fi dacewa da garuruwanmu masu zafi irin su Kano, Zariya, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram. Inda Jos ta bambanta, na faɗa.

Mene ne bitrut? Ɗan'uwan karas ne?

A ido za a ɗauka haka, tunda duka biyun saiwarsu ake ci, amma ba dangi ba ne. Bitrut dangin alayyafo ne. Asalinsa wani tsiron daji ne da ke fitowa a gaɓar Bahar Rum, kuma ganyensa mutanen dā suka fara ci kafin a samu irin da ke tara kai mai zaƙi, wato kumburarriyar saiwar da ake ci. Jan launin nan da ke rina hannu da wuƙa da faranti daga wani sinadari ne mai suna betanin. A Nijar an fi jin sunansa na Faransanci, beterab.

Yana da ɗan'uwa fari da ake nomawa a ƙasashe masu sanyi irin su Rasha, Faransa, Jamus da Amurka don yin sukari. A shekarar 1747 ne wani masanin sinadarai Bajamushe, Andreas Marggraf, ya nuna cewa sukarin da ke cikinsa iri ɗaya ne da na rake. Wancan na masana'anta ne. Namu na tukunya ne.

Anya zai yi a ƙasarmu mai zafi? An ce sai Jos.

Zai yi, amma a lokacinsa. Bitrut ya fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 15 da 25. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka tana da irin wannan yanayi a mafi yawan watanni, shi ya sa kayan lambu irin na Turawa suke fitowa daga can. Mu da ke ƙasa muna samun wannan sanyi ne a hunturu kaɗai, lokacin da dare kan sauka ƙasa da digiri 15. Sa'armu ita ce bitrut ba ya daɗewa: kwana 55 zuwa 70 ya ƙosa. Hunturu ɗaya ya isa a shuka, a cire, har a sake zagaye na biyu.

Mafi yawan waɗanda ke cewa "ba ya yi a nan" a watan Maris suka shuka, ko a tsakiyar damina. Ba laifin ƙasar ba ne.

To wane wata ya kamata in shuka?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Disamba. Nuwamba ce zuciyar lokacin. Lissafin mai sauƙi ne: a ƙirga wata biyu gaba daga ranar shuka, idan ya faɗa cikin zafin bazara, an makara. Wanda ya shuka a tsakiyar Janairu zai iya samun wani abu idan sanyin shekarar ya ja, amma kan zai yi ƙanana kuma zaƙinsa zai ragu.

Kada a zuba irin duka rana ɗaya. A shuka kaɗan yau, a ƙara bayan sati biyu ko uku, a sake ƙarawa. Gida ba ya cinye bitrut hamsin a sati guda, kuma wanda ya wuce lokacinsa a ƙasa tauri yake yi, kamar yadda na bayyana a amsar lokacin cirewa.

A damina fa?

Ba na ba da shawara. Ruwa mai ƙarfi yana binne iri ko ya kwantar da 'yan tsiro, laima tana kawo ruɓewa da ciwon tabon ganye. Wanda ya matsa, ya shuka a bokiti a ƙarƙashin rumfar da haske ke shiga, ya sa rai da ganye fiye da kai.

Wane iri zan saya, kuma a ina?

A shagunan sayar da iri da magungunan gona, inda ake sayar da irin karas da kabeji da latas, a gwangwani ko a 'yar leda. Wanda aka fi samu shi ne Detroit Dark Red, tsohon iri ne da ya fito daga Amurka tun 1892: kansa a dunƙule, cikinsa ja wur, kuma yana da haƙuri. Da shi nake so mai farawa ya fara. Akwai Early Wonder mai saurin ƙosawa da yawan ganye, akwai Cylindra mai tsayi kamar dankalin Hausa wanda ke da daɗin yankawa, akwai Chioggia na Italiya mai zobba ja da fari a ciki, har da mai launin rawaya wanda ba ya rina hannu.

Abin da ya fi sunan iri muhimmanci shi ne lafiyarsa. A duba kwanan watan da ke jikin ledar. A guji wadda ta sha rana a kan tebur har launinta ya koɗe, da irin da aka buɗe gwangwaninsa tun bara ana aunawa da cokali. Idan ana shakka, a ɗauki ƙwaya goma a naɗe cikin tsumma mai laima, a ajiye kusa da randa. Bayan sati guda a buɗe. Idan bakwai ko fiye sun tsaga, irin yana da rai. Wani irin za a gan shi da launin ruwan hoda ko shuɗi: maganin ruɓewa ne aka shafa masa, a nisanta shi daga yara da kaji, a wanke hannu bayan shuka.

Ba ni da fili, gidan duk siminti ne. Zai yi a buhu ko bokiti?

Sosai ma. Abin da yake buƙata shi ne zurfin santimita 25 zuwa 30 da hanyar fitar ruwa. Bokitin fenti mai lita 20 yana ɗaukar huɗu ko biyar. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa ya koma rabi, tsohuwar robar wanki, jarka da aka yanke ta kwance, duk suna yi. A huda gindin da ƙusa mai zafi wuri shida ko takwas, a ɗora a kan bulo biyu don kada ya zauna cikin ruwan da ya tsiyaye.

Abu ɗaya da masu bokiti ke mantawa: siminti da baƙar roba suna ɗaukar zafi. Ko a hunturu, ranar azahar kan gasa jikin bokiti har saiwa ta wahala. A ajiye inda hantsi ke samunsa, katanga kuma ta kare shi daga ranar yamma. Awa biyar zuwa shida na rana ya ishe shi. Idan babu irin wannan wuri, a naɗe jikin bokitin da buhun algarara, a riƙa jiƙa shi.

Wace irin ƙasa yake so?

Mai laushi, wadda ke riƙe laima amma ba ta kwantar da ruwa. A damƙi ƙasa mai ɗan laima a hannu: idan ta dunƙule, ka taɓa ta da yatsa ta warwatse, ita ce. Idan ta maƙale kamar ta maginin tukwane, laka ta yi yawa, a haɗa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Idan ta zube ta ƙi haɗuwa, jigawa ce tsantsa, taki kawai za a ƙara. Ga bokiti ina haɗa kashi biyu na ƙasa, ɗaya na taki, ɗaya na yashi. A tsince duwatsu da fasassun kwalabe da leda, domin duk abin da kan ya ci karo da shi sai ya lanƙwasa siffarsa.

Bitrut ba ya son ƙasa mai tsami. Ya fi so ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya tsaya tsakanin 6 da 7.5. 'Yar tokar murhu tana rage tsami, tana kuma ba da sinadarin fotash da saiwa ke so. Amma barbaɗe ake yi, ba zubawa ba. Dalilin yana cikin amsar baƙin tabo a ciki.

Wane taki zan sa? Ina da yuriya a gida.

A bar yuriyar nan don masara. Ita naitirojin ce zalla, aikinta ganye, kuma bitrut da ya sha ta da yawa sai ya yi ganye har gwanin sha'awa, a tono a tarar da saiwa kamar jelar ɓera. Abin da ya fi masa shi ne takin gargajiya da ya ruɓe sarai: kashin awaki, tumaki ko shanu da ya shekara ko ya yi watanni, ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona tsiro, yana sa kan ya yi rassa da gashi-gashi. A cakuɗa takin da ƙasa sati guda ko biyu kafin shuka, a riƙa ba wurin ruwa, ciyawar da za ta fito ta fito a cire.

Mai son ƙarawa da na zamani ya sa NPK 15-15-15, kamar cokalin cin abinci biyu a kowace murabba'in mita, ko ƙaramin cokalin shayi a bokiti guda, a gauraya da ƙasa kafin shuka. Idan bayan wata guda ganye ya yi fari-fari ya tsaya cak, a sake ba shi rabin wannan a gefe, nesa da gindi, a bi da ruwa.

Yaya ake shuka shi?

A zuba irin a tafin hannu a duba. Ba santsi gare shi kamar irin kuɓewa ba. Wani ɗan dunƙule ne mai kaushi, launin ƙasa-ƙasa, mai ƙusoshi kamar guntun busasshen ɓawo. A jiƙa shi a ruwa daga dare zuwa safiya, a zubar da ruwan. Ɓawon yana ɗauke da wani abu da ke jinkirta tsiro, jiƙon yana wanke shi ya kuma tausasa ɓawon.

A ja layi da yatsa ko tsinke, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, wato kamar santimita 2. A jera ƙwayoyin da tazarar yatsu uku, a bar santimita 25 zuwa 30 tsakanin layi da layi. A rufe da ƙasa mai laushi, a danna da tafin hannu a hankali, a yayyafa ruwa da butar ban ruwa ko gwangwanin da aka huhhuda. Daga nan a barbaɗa buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa sama-sama. Tsakanin kwana 5 da 12 za a ga 'yan ganye biyu sirara a kan kara ja kamar zaren ɗinki. Wannan jan karan ne zai bambanta maka shi da ciyawa.

Ƙwaya ɗaya na sa a kowane rami, amma uku suka fito. Me ya faru?

Haka halittarsa take. Abin da muke kira ƙwaya ɗaya ɗan 'ya'yan itace ne busasshe, a cikinsa akwai iri biyu zuwa huɗu, wani lokaci ma fiye. Don haka dole ne a rage, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa ke faɗuwa. Shekarar da na fara, tausayi ya hana ni taɓa su. Ina ganinsu kore shar, na ce kowanne da rabonsa. Bayan wata biyu na tono abin da bai wuce 'ya'yan kanya ba, sun matse juna, wasu sun nannaɗe. Ruwa da takin wata biyu suka tafi a banza, abin ya dame ni ƙwarai.

Ana ragewa sau biyu. Na farko idan tsiro ya kai tsayin ɗan yatsa: a kowane cunkuso a bar mafi ƙarfi guda ɗaya. Kada a fizge, domin saiwoyinsu a sarƙe suke. A tsinke na banzan da farce ko almakashi daidai da ƙasa. Na biyu bayan kamar sati biyu, a tabbatar akwai santimita 8 zuwa 10 tsakanin kowane biyu, faɗin tafin hannu ke nan. Waɗanda aka cire a zagaye na biyu ba asara ba ne, miya suke shiga. A duba amsar cin ganye.

Sati biyu ke nan ban ga tsiro ba.

A tona wuri ɗaya a hankali a gani. Idan ƙwayar tana nan a bushe, ruwa bai isa ba: iskar hunturu tana busar da saman ƙasa cikin 'yan awoyi, kuma irin da ya fara tsagewa ya bushe ya mutu ke nan. Idan ta tsiro amma ta lanƙwashe a ƙarƙashi, saman ƙasar ne ya yi ɓawo mai tauri, ko an binne da zurfi. Buntun da na ambata maganin wannan ne. Idan ta ruɓe, ruwa ya yi yawa. Idan tana nan lafiya ƙalau da laima amma shiru, irin ya mutu tun a shago. Akwai kuma wanda nasa ya fito da asuba, ƙadangare ya cinye kafin ya leƙo.

Zan iya yin reno in yi dashe kamar tumatir?

Gara a shuka shi inda zai zauna. Idan doguwar saiwarsa ta katse ko ta lanƙwashe wajen dashe, kan yakan fito a karkace. Amma ya fi karas haƙuri: idan akwai giɓi a layi, za a iya ɗauko ɗan tsiro mai ganye uku ko huɗu da ƙasarsa a cokali, a dasa da yamma, a ba shi ruwa da inuwar kwana biyu.

Sau nawa zan ba shi ruwa?

Ba yawan ruwan ne abin lura ba, daidaituwarsa ce. Bitrut ba ya son yau ƙishirwa gobe ambaliya. Kafin ya tsiro, yayyafi safe da yamma. Bayan ya kama, a fangali mai taki sosai sau ɗaya a rana ko bayan kwana biyu ya isa. A bokiti da buhu kullum ne, ranar da iska ta yi ƙarfi ma sau biyu. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu: idan da sanyin laima a bari, idan a bushe a ba shi har sai ya fara ɗiga ta ƙasa.

A zuba a gindi, ba a kan ganye ba, kuma da safe ya fi. Ruwan wanke shinkafa ko kayan miya yana da kyau. Ruwan wanki mai omo da bilic, da ruwan kwata, kada su kusanci abin da za a ci ɗanye.

Ganye ya yi kyau ƙwarai, amma kai babu. Ina matsalar?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma kusan kullum amsar ɗaya ce daga cikin huɗu: ba a rage ba, an sa yuriya ko ɗanyen kashin kaji, inuwa ta yi yawa, ko an shuka a makare zafi ya riske shi. Cunkoso ne kan gaba, don haka a fara komawa amsar ragewa. Idan shukar ba ta wuce sati biyar ba, ana iya ceto ta: a rage yau, a daina taki, a matsar da bokiti inda rana take. Idan ta haura wata biyu, a ci ganyen, a sake sabuwar shuka in da sauran sanyi.

Wani lokaci kuma gaggawa ce kawai. Sai wajen sati na biyar ko na shida kan yake fara kumbura a gani.

Na yanka na ga fararen zobba, wani ya tsage, wani kuma da baƙin tabo a ciki.

Fararen zobba alamar zafi ne da ruwan da ba ya zuwa daidai. Ana ci, sai dai zaƙi da launi sun ragu. Idan Chioggia aka shuka, zobban nasa na gado ne. Tsagewa tana zuwa ne idan ƙasa ta bushe kwana biyu ko uku sannan aka kwarara ruwa: ciki ya kumbura da sauri, fata ta kasa bi. Tauri da zare-zare kuwa na tsufa ne ko ƙishirwa.

Baƙin tabo mai tauri a cikin nama, tare da ƙananan ganyen tsakiya da ke murɗewa suna baƙi, yawanci ƙarancin sinadarin boron ne. Bitrut yana cikin amfanin da suka fi buƙatarsa. An fi ganin haka a jigawa marar taki, a ƙasar da ta sha bushewa, da wadda aka cika wa toka ko farar ƙasa, domin su suna ɗaure boron ɗin saiwa ta kasa ɗauka. Ruɓaɓɓen taki da ruwa a kai a kai sun isa magani a lambun gida. Akwai masu narka garin boraks, mai ɗauke da boron, su zuba, amma tsakanin abin da ke gyara da abin da ke kashe shuka tazarar kaɗan ce, kada a yi sai da awon malamin gona.

Me ke cin ganyen?

A tsakar gida manyan ɓarayin ba ƙwari ba ne: kaji, awaki, ƙadangaru da tsuntsaye ne, musamman a rani da babu wani kore sai naka. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan 'yan sanduna ya fi kowane magani, yana kuma tare fara.

A ƙwari akwai wata koriyar tsutsa da ke naɗe ganye da yana kamar ta gizo-gizo tana ci daga ciki; ita ce dai mai addabar alayyafo, shi ya sa ba na son a jera su kusa. Akwai mai shiga tsakanin fatar ganye tana barin farin zane ko tabo kamar ƙuna; wannan a tsinke ganyen a ƙona. Darɓa tana taruwa a bayan ganye. Wanda kuma ya wayi gari ya ga an datse tsiro daga gindi, ya tona kusa da wurin, zai samu tsutsa a naɗe ko ramin gyare. Lambun gida ƙarami ne, hannu da ido sun fi feshi. Idan abin ya yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya kamar giram 50, a jiƙa a lita guda ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan sati. Ban yarda da fesa maganin gona mai ƙarfi a kan abin da yara za su ci ganyensa ba.

Ganyen ya yi ɗigo-ɗigo masu jan baki.

Ƙananan tabo zagayayyu, tsakiya fari-fari, gefe ja ko shunayya: ciwon tabon ganye ne, laima da ɗumi ke kawo shi. A cire ganyen da ya kamu, a daina jiƙa ganye wajen ban ruwa, a ba shukar sarari iska ta ratsa. Kan yana nan lafiya a ci. Badi kada a maimaita bitrut ko alayyafo a wannan ƙasar. A sa albasa, latas ko wake. Haka ma kada a maimaita bitrut a wurin idan an tono an ga ƙulli-ƙulli a ƙananan saiwoyi, alamar tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, wadda ke yawa inda aka daɗe ana tumatir da kuɓewa. Ƙasar bokiti irin wannan a juye ta a shanya a ranar bazara.

Yaya zan san ya isa cirewa?

Shi da kansa yake nunawa. Kafaɗarsa tana ɗagowa saman ƙasa, ja mai duhu, sai a share ƙasar gefe da yatsa a ga faɗinsa. Daga girman ƙwan kaza zuwa na ƙaramin lemon zaƙi, santimita 5 zuwa 7, nan ne daɗinsa yake. Kada a bi girma. Manyan nan da ke burge mutum a kasuwa sau da yawa lami ne, ga zare. A fara cire manya, a bar ƙananan su samu wuri.

A ba shi ruwa da yamma, a cire da safe: a kama gindin ganyen gaba ɗaya a ja a hankali. A murɗe ganyen da hannu a bar kara kamar santimita 3, kada a yanke jelar, kada a ji wa fatar rauni. Duk inda aka yanka, ta nan jan ruwan zai tsiyaye a tukunya.

Ba mu da wuta sosai. Yaya zan adana shi?

A raba shi da ganyen nan take, domin ganye yana zuƙe ruwan kan ya yamutse. Kada a wanke sai za a dafa. A firji cikin leda yana sati biyu zuwa uku. Babu firji, a jera shi cikin yashi mai 'yar laima a kwali ko tukunya, kada su taɓa juna, a ajiye a ɗaki mafi sanyi. Wanda ya fi wannan shi ne tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a baki. Malam Mohammed Bah Abba ne ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan Jigawa, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki a busasshiyar iska, wato daidai lokacin da bitrut ɗinmu ke fitowa.

Ana cin ganyen?

Ana ci, kuma ina jin takaicin ganin ana zubar da shi. Duk abin da alayyafo ke yi yana yi: miyar ganye, fate, dafa-duka, ko a sulala a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. Karan yana ɗan rina miya. Ana iya tsinkar ganye ɗaya ko biyu na waje daga kowace shuka tun tana ƙasa, amma idan aka yi mata aski kan zai tsaya.

Shi kuwa kan, a dafa shi da ɓawonsa minti 30 zuwa 45, ya huce, a murza ɓawon ya saluɓe da kansa. Masu cewa yana ƙanshin ƙasa gaskiya suka faɗa: sinadarin da ke ba shi wannan ƙanshi shi ne wanda ake ji idan ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasa. Lemon tsami ko citta suna danne shi, shi ya sa yake shiga zoɓo lafiya lau.

Ina da juna biyu, an ce in riƙa sha don ƙarin jini. Gaskiya ne?

Hajiya, da gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Jan launinsa ba jini ba ne, ba kuma shi ke yin jini ba. Sinadarin ƙarfe da ke cikin giram 100 na kan bai kai miligiram 1 ba. Ganyensa ya ninka haka kusan sau uku, hanta da nama da wake kuma sun fi shi nesa. Inda ya yi fice shi ne sinadarin folet, wanda jiki ke buƙata wajen ƙera ƙwayoyin jini, mai ciki kuma tana buƙatarsa ƙwarai. Ki ci, ki sha, amma kada ya maye gurbin awo da ƙwayoyin da aka ba ki a asibiti. Ƙarancin jini a wurinmu sau da yawa daga zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko sikila, kuma waɗannan gwaji suke so.

Yana ɗan sassauta hawan jini saboda sinadarin naitiret da ke cikinsa, amma mai shan magani kada ya ajiye maganinsa. Mai ciwon suga ya fi kyau ya ci yanka kaɗan da ya sha tataccen ruwansa kofi-kofi. Wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda ya tambayi likitansa, domin kai da ganye duka suna da oksalet mai yawa, sinadarin da ke iya haɗa tsakuwar.

Yarona ya ci, fitsarinsa ya yi ja.

Launin bitrut ne ya ratsa, har a bayan gida ana gani, kuma yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya zarce haka, ko da zafi, ko da zazzaɓi, ko yaron bai ci bitrut ba, a kai shi asibiti.

Zan iya cire irina da kaina, ko in binne na kasuwa ya haihu?

Na kasuwa idan aka binne shi ganye zai tofo, a tsinka a yi miya, amma ba zai haifi wasu kawuna kamar dankalin Turawa ba. Saiwa ɗaya, kai ɗaya.

Cire iri kuma yana da wuya a nan. Bitrut ɗan shekara biyu ne: a ta farko ya tara abinci a kai, sai ya sha makonni na sanyi mai tsanani, ƙasa da digiri 10, kafin ya fitar da kara ya yi fure a ta biyu. Hunturunmu bai cika kaiwa nan ba, kuma zafin Afrilu kan kashe shukar kafin ta je ko'ina. Abin da ya fi sauƙi shi ne a kula da ragowar wanda aka saya, domin irin bitrut yana iya shekara uku zuwa huɗu da ransa idan bai sha zafi da laima ba. A naɗe bakin ledar, a saka a kwalba mai murfi tare da 'yar busasshiyar shinkafa da za ta tsotse laima, a rubuta wata da shekara a jiki, a ajiye nesa da kicin. Idan Oktoba ta zagayo, a fara da gwajin ƙwaya goma a tsumma kafin a gyara fangali.